Giɓin Bayan Madafa

Shekarar da ƙyanda ta shigo unguwarmu ta Kwarbai da ƙarfinta, 'yata tana da wata bakwai da 'yan kwanaki. Allurar ƙyanda kuwa sai yaro ya cika wata tara ake yi masa. Haka aka rubuta a katin awo, haka kuma nas ta gaya mini da na tambaye ta ko za a iya matso da ranar, ko ɗago kai ba ta yi ba. Sati bakwai ke nan tsakaninmu da allurar. Na ƙirga su da yatsu a cikin motar haya muna dawowa, na sake ƙirgawa da muka shigo cikin gari, ba su ragu ba.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, cikin bazara, irin zafin nan da ke sa katangar ƙasa ta yi ta huci har bayan magariba. Daga wajen Ƙofar Gayan cutar ta faro. Mu dai labari muke ji: gidan wane yara uku sun kwanta, gidan wane an fita da ƙaramar gawa da hantsi. Tsofaffi ba sa kiran sunanta gatsal, sai su ce baƙon dauro, su kuma rage murya. Duk wanda ya shigo da labari, sai ka ji ta ƙara matsowa da gida biyu ko uku.

Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, sai yarinyar. Malam, haka nake kiransa, lissafi yake koyarwa a jami'a. An ba shi gida a unguwar ma'aikata ya ƙi, ya ce ba zai ɗauke Inna daga inda aka kawo ta tana amarya ba. Ni kuma na gama makarantar horon malamai, ana jira in yaye sannan in fara aiki. Malam mutum ne marar hayaniya, amma idan abu ya dame shi ba ya iya zama haka nan, sai ya nemi takarda da fensir.

Wata rana bayan la'asar ya leƙo madafa ya ce in ba shi kwano uku da wake. Na ɗauka sadaka zai yi. Ya zauna a tabarma a tsakar gida, ya juye waken duka a kwano ɗaya, ya kira ni da Inna.

“Kowace ƙwaya yaro ce,” in ji shi. “Wannan kwanon na waɗanda ba su taɓa yi ba ne. Na tsakiya na waɗanda ke kwance da ita yanzu. Na uku na waɗanda suka gama da ita, ko aka yi musu allura, ba ta sake kama su.”

Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jefa a na tsakiya. Ya ce daga na tsakiya zuwa na uku ba ruwanmu, kwanaki ne sai sun cika. Amma daga na farko zuwa na tsakiya, wannan aikinmu ne, ya danganta da yara nawa mai cutar ya zauna da su kafin a gane yana ɗauke da ita. Ya ce muguntar ƙyanda ita ce tana fara yaɗuwa tun ana ganin mura ce kawai, kafin ƙuraje su feso. Wanda ya ɗauka kuma sai ya yi kwana goma ko fiye yana wasansa lafiya lau. Wannan maganar ta zauna mini a kai, har yau ba ta fita ba.

Inna ta daɗe tana kallon kwanukan, sannan ta ce, “To wanda ya mutu fa, wane kwano ake sa shi?”

Malam ya ce, “Na uku.”

“Tare da waɗanda suka warke?”

“A lissafi ɗaya suke, Inna. Dukansu ba sa ƙara ba wa kowa.”

“Allah ya raba mu da kwanonka,” in ji ta. Ta tattara waken ta miƙo mini ta ce in jiƙa, gobe alala za mu ci.

Daga ranar aikin ya kankama. Ya juya bayan tsohuwar kalanda ya zana unguwarmu, kowane gida da'ira ɗaya. Bayan kowace salla sai ya tsare magidanta a ƙofar masallaci: yara nawa ne a gidanka, wa ya yi, wa bai yi ba, wace makaranta suke zuwa, wa ke fita talla. Rabinsu ba su san shekarun 'ya'yansu ba. Wani dattijo ma sai da ya koma gida ya tambayo, ya dawo ya ce ashe tara ne, shi takwas ya sani. Idan yaran gida biyu suna haɗuwa a wani wuri, sai Malam ya ja layi tsakanin da'irorin. Akwai sunan da yake kiran aikin da Turanci, ni dai lissafin ƙyanda nake ce masa. Rubutuna ya fi nasa kyau, don haka ni nake kwafe lambobin a littafi mai layi-layi, shi kuma ya kai su jami'a ya bi layin kwamfuta.

Har tsoro ya sa a cikin lissafin, ya ba shi harafi nasa na kansa. Ya lura cewa idan aka yi rasuwa, mutane kan tsare yaransu a gida, in aka yi sati shiru sai su sake su. Ya ce idan tsoron ya ɗore, layukan za su yi ta tsinkewa, cutar ta rasa inda za ta bi, ta mutu a hanya kafin ta iso ɓangarenmu. A masallaci yana cewa don unguwa yake yi. Ni na san don wa yake yi. 'Yar fari ce, bai kamata ya nuna ba, amma na sha ganinsa ya tsaya a kanta tana barcin rana, yana kallon yadda cikinta ke hawa yana sauka.

Da'irar gidanmu ba ta da layi ko ɗaya. Ba mu da yaro mai fita, ni ina cikin kulle, Inna ta daina zuwa ko'ina saboda gwiwa. Shi kansa ya yi ƙyanda yana ƙarami, amma duk da haka sai ya tuɓe riga a zaure ya wanke hannu kafin ya shigo. Irin gidanmu rufaffen gida yake ce masa, kuma suna da dama a kan kalandar. Ya ɗora yatsa a kan tamu da'irar ya ce mini, “Nan babu ta inda za ta shigo.”

Na ce, “Allah ya sa.” Na san ba haka ba ne.

A bayan madafarmu akwai wani wuri da katanga ta zube, ta sauko har daidai ƙirjin mace. Giɓi muke ce masa. Idan kika taka turmin da aka kifa a gindinsa, sai ga ki a bayan madafar maƙwabta, inda su ma suka kifa nasu turmin. Gidansu kuma yana da wani giɓin ta wancan gefen, na gaba ma haka. Mace tana iya ratsa gida bakwai ko takwas a Kwarbai ba ta taka titi ba, ba ta ko yafa mayafi ba. Duk shekara idan magina suka zo yaɓe kafin damina, sai tsohuwar gidan ta tsaya a kansu ta ce su bar nan, hanyar ruwa ce. Ruwan da ke hawa katanga dai ban taɓa ganinsa ba, amma magini bai taɓa yin musu ba.

Maza sun san da giɓin, sai dai a ganinsu wurin miƙa garwashi ne da gishiri. Namiji da ya fara girma ba ya ƙara shiga cikin gidan wani, iyakarsa zaure, to ina zai san abin da ke wucewa ta bayan madafa? Jarirai ne suka fi komai wucewa ta wurin. Za ki yi daka, ki miƙa. Za ki shiga wanka, ki miƙa. Kanki na ciwo, ki miƙa a riƙe miki ki ɗan kwanta. Malam kansa, da digirinsa da komai, an miƙa shi ta wannan giɓin ya fi a ƙirga, bai dai tuna ba.

Satina na farko a gidan Inna ta kama hannuna ta kai ni wurin. Ta ce, “'Yar nan, kin ga nan? Abin da ya wuce ta nan bai wuce ta zaure ba. Ba ƙarya za ki yi wa mijinki ba, ba dai zancensa ba ne.” Ta ce an taɓa yin wata amarya mai surutu a can ƙasan layi, mijinta ya ji, ya sa aka toshe nasu, matan gidan suka yi shekaru kamar a rijiya.

Ni kuwa giɓin ya yi mini rana. Ranar da naƙuda ta kama ni da tsakar rana, Malam yana wurin aiki, Inna ta rikice sai salati take yi. Matar maƙwabcinmu, wadda nake kira Yaya don ta girme ni, ita ta hauro da zani ɗaya a ƙirji da hannu duk gari. A hannunta yarinyar ta faɗo, ba ta yi kuka ba, Yaya ta juya ta ta yi ta murza bayanta har ta tsanyara. Duk abin da zan faɗa bayan wannan, a riƙe wannan a zuciya.

Dattawan unguwa sun saurari Malam fiye da yadda na zata, don sun tsorata. Aka ce yaron da ke mura kada ya je makaranta. Aka ce a rage taron suna. Babbar magana ita ce aka hana mata fita dubiya, ko da bayan magariba ne, lokacin da aka saba barinsu. Zaurukan Kwarbai suka yi tsit. Malam ya yi ta goge layuka a kan kalanda, fuskarsa ta ɗan saki. A makarantu kuwa abin ya fara lafawa kamar yadda ya ce.

Sai jarirai suka fara kwanciya a rufaffun gidaje.

Na farko gidan wani maɗinki ne, can ƙarshen layinmu, jaririn wata shida. Malam ya ce wataƙila wani baƙo ne ya shiga ba a gaya masa ba. Bayan kamar sati biyu sai gidan da ke manne da shi, da na kusa da wannan. A kan kalanda babu layi tsakaninsu, ƙofofinsu ma ba lungu ɗaya suke kallo ba. Malam ya koma ya sake tambayar magidantan, suka rantse ba wanda ya shiga ba wanda ya fita, kuma gaskiya suka faɗa. Ya zauna a zaure da takardunsa yana sake bin lissafin daga farko, ya ce lallai akwai inda ya yi kuskure. Ya zargi kwamfuta, ya zargi kansa, har ni ya tambaya ko na tsallake wata lamba wajen kwafa.

Ban tsallake ba. Ina riƙe da biro ina rubuta sunayen gidajen, ina ganin jerinsu sarai, domin na bi ta cikinsu da ƙafata. Na kuma san abin da dokar dattawa ta haifar. An hana mata fita dubiya ta zaure, to ɗan maƙwabciya yana kwance rai a hannun Allah, wace ce za ta zauna ba ta je ta ce sannu ba? Sai suka koma giɓi gaba ɗaya, da goyo a baya. Tsoron da Malam ya ɗauka yana tsinke layuka, a ɓangarenmu ƙara su ya yi. Ban taɓa ganin turamen nan sun sha taku kamar a wannan watan ba.

Gida huɗu ne ya rage tsakaninmu da cutar. Sannan uku. Ni da ban iya rabin lissafinsa ba, ina iya faɗin gidan da zai biyo baya, kuma in faɗa daidai. Kullum da safe sai in ƙudura yau zan gaya masa. Sai in ga Inna tana jan ƙafa zuwa bayan madafa don su gaisa da tsohuwar gidan su Yaya, gaisuwar da suka fi shekara arba'in suna yi, sai bakina ya mutu. Na ce wa kaina ai ni ba na miƙa tawa, na daina tun da abin ya fara, wannan ya isa. Saura sati uku allura.

Ranar wata Laraba da hantsi ina tankaɗe, Inna tana zaune a inuwa da yarinyar a gabanta a kan tabarma, sai na ji Yaya tana kirana ta giɓi. Cikinta ya tsufa a lokacin, ƙafafunta duk sun kumbura. Tana riƙe da ɗanta mai shekara biyu, yana ta ƙananan koke-koke.

“Ƙanwata, riƙe mini wannan in sauke tukunya. Tun asuba ya manne mini, jiri nake ji, kada in faɗa wuta da shi.”

Ba ta jira amsa ba, don ba a jiran amsa a wurin. Ta ɗago shi, na miƙa hannu na karɓa. Jikinsa zau kamar an ciro shi daga murhu. Idanunsa sun yi ja suna ruwa, hanci na zuba. Na san ba a yi masa allura ba, ranar da za a kai shi aka yi rasuwa a danginsu, daga nan maganar ta shiririce.

Na ce, “Yaya, jikinsa da zafi fa.”

“Mura ce, haƙori yake yi,” in ji ta, ta riga ta juya.

Na tsaya da shi a hannu a bayan madafa. Zan iya kiranta in ce ta karɓi abinta. Matar da ta murza bayan 'yata har ta yi numfashi, ga ta da tsohon ciki tana layi a gaban murhu, in ce mata ɗanki kada ya raɓi tawa? Kuma a kan wa, a kan 'yar fari? Mu yadda aka tarbiyyantar da mu, 'yar fari ko sunanta ba kya faɗa, ba kya ɗaukarta a gaban surukai sai don nono, in ta faɗi ma sai ki kau da kai wani ya ɗaga ta. Uwar da aka ga tana rawar jiki a kan ɗan fari, har ta tsufa ana ba da labarinta.

Na yi dabara na zaunar da shi can nesa, a gindin randa, na ba shi ludayi ya yi wasa. Inna ta hango shi.

“A'a, mijin ƙawata ne ya zo? Kawo shi nan, me zai yi a rana?”

“Inna, mura yake yi.”

“To mura a kansa aka fara? Kawo shi.”

Na kai shi. Yarinyar ta ga mutum daidai ita, ta washe baki, ta miƙa hannu ta cafki kuncinsa. Ya yi tari a fuskarta, irin busasshen tarin nan. Na matso da sauri. Na ce bari in ba ta nono, na sunkuya zan ɗauke ta.

Inna ta yi dariya. “Yanzu-yanzu ta saki fa. Kai, 'yan boko ba ku da ta ido. Je ki ƙarasa tankaɗenki, ba cinye miki ita za a yi ba.”

Cikin wasa ta faɗa, da ƙauna ma. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na koma na ɗauki rariya. Ina tankaɗe ina jin tarinsa a bayana har Yaya ta sauke tukunya. Na yi fushi da Inna shekaru a kan wannan dariyar, amma ita ba ta zauna ta kwafi lambobi ba, ni na kwafa.

Ranar Juma'a da yamma Yaya ta leƙo, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce baƙo ya sauka, ƙuraje sun feso masa a bayan kunne. Ta ce kada in gaya wa kowa, maigidanta ma bai sani ba tukuna, tana tsoron faɗa. Na ce Allah ya ba shi lafiya. Na sauko daga kan turmin.

Malam ya dawo daga masallaci da fara'a ranar. Ya ce kwana biyar ke nan ba a sami sabon kamu a makarantu ba. Ya zauna cin tuwo, na zauna a gefe ina yi masa fifita, maganar tana nan a raina. In na faɗa, gobe magina za su zo. Za a san daga bakina ta fito. Za a ce Yaya ta ɓoye ciwo, a ce Inna ta haɗa yara, gidaje takwas su toshe saboda amaryar gidan malamin jami'a. Kuma na ce a raina, in ta ɗauka ai ta riga ta ɗauka, faɗar me za ta ƙara? Da wannan na rufe bakina. Ya tambaye ni ko lafiya, na ce zafi ne.

Daga nan na shiga ƙirga. Ba sauran kwanakin allura nake ƙirgawa ba yanzu, kwanakin da suka wuce tun Laraba nake bi. Yarinyar kuwa kamar da gayya, ba ta taɓa yin lafiya da ƙiba irin na wannan satin ba. A cikinsa ta fara rarrafe. Inna tana tafa mata, Malam yana leƙowa daga ƙofar ɗaki yana murmushi a ɓoye. Ni ina shiga ɗaki da ita da sunan nono, in duba bayan kunnenta, in buɗe bakinta, in sa leɓena a goshinta. Kwana bakwai, sanyi ƙalau. Kwana takwas. A na tara har na fara cewa wataƙila nonona ya kare ta, an ce yana karewa. Na yi alkawarin azumi uku in ta tsallake.

Ranar kwana na goma sha ɗaya ta ƙi kama nono da safe. Kafin azahar jikinta ya ɗau zafi, idanunta suka kaɗa. Inna ta ce haƙori ne. Malam ya dawo ya taɓa ta, ya tsaya, ya ce ba zai yiwu ba, zazzaɓin sauro ne, ya aika aka sayo magani. Kwana uku muna haka, tana tari, haske na damunta. Da ƙurajen suka feso Inna ta ce a rufe ta a ɗaki, kada a yi mata wanka, kada a kai ta asibiti, baƙon ba ya son allura. A karo na farko na ga Malam ya ƙetare maganar mahaifiyarsa. Numfashin yarinyar ya koma sama-sama, haƙarƙarinta na shiga ciki. Ya ce in ɗauko mayafi.

A asibiti wata nas babba, mai furfura a gefen hula, ta karɓe mu. Ta duba yarinyar, ta sa aka kawo gado, sannan ta ɗauki kati tana tambaya tana rubutawa.

“Yaushe ta haɗu da mai ƙyanda?”

Malam ya ce, “Ba ta haɗu da kowa ba, Sista. Ba ta taɓa fita ba sai awo, shi ma an fi wata. Ba yaron da ke shiga gidan. Ni na tabbatar da haka.”

Na ce, “Ranar Laraba ce. Yau kwana goma sha biyar.”

Ya juyo ya dube ni. Ban dube shi ba, bakin gadon nake kallo. Na faɗi sauran a gaban baƙuwa, tunda na kasa faɗa a ɗakina: ɗan maƙwabta ne, ta katanga aka miƙo shi, sun zauna tabarma ɗaya, ƙurajensa sun fito ranar Juma'a, na sani tun ranar.

Nas ɗin ba ta daina rubutu ba. Ta ce, “Kash. Da kun kawo ta a cikin kwana uku da haɗuwar, da an yi mata allurar ko ba ta cika wata taran ba. Sau da yawa tana tarewa.” Ta ɗaga kai ta kira wata ta kawo ruwan da za a ɗaura. Ba da faɗa ta yi maganar ba, ta faɗa ne kawai ta wuce.

Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Ranar Asabar ɗin da safe Malam ya fita da babur ɗinsa ya sayo mana kifi, na tsaya a tsakar gida na ce a dawo lafiya.

Kwana tara muka yi a asibitin. Zazzaɓin ya hau ya hau, kunnuwanta suka yi ta zubar da ruwa, sau biyu na cire rai. A nan na yar da kunyar 'yar fari, na rungume ta a gaban kowa, na kira sunanta da ƙarfi, ba wanda ya ce mini komai. Malam yana zuwa safe da yamma. Bai yi mini faɗa ba, ko sau ɗaya, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. A rana ta shida ya zo da kalandar a naɗe, ya shimfiɗa ta a ƙarshen gadon, ya miƙo mini jan biro.

“Nuna mini,” in ji shi.

Na ja layukan duka, daga gidan maɗinki har namu, da waɗanda suka wuce mu zuwa gabas. Ban bar ko ɗaya ba. Ya kai jami'a. Bayan kwana biyu ya dawo ya zauna a kujerar gefen gado, ya ce lissafin ya fita daidai, gida bayan gida, har da satin da za ta iso mu. Ya ce akwai gidaje uku a gaba masu jarirai, ya riga ya isar da magana, ba da mazan ba, ya sa Inna ta aika wa tsofaffin matan, an kai yaran allura. Ya faɗi haka yana kallon tafin hannunsa. Ba a toshe giɓi ko ɗaya ba. Abin da na ji tsoro har na yi shiru dominsa, bai ma faru ba.

Aka sallame mu. Yarinyar ta rame, fatarta na saɓulewa, amma tana kama nono, tana bin mutum da ido. Mata suka yi ta haurowa barka. Yaya ta zo da jaririnta sabon haihuwa, da ɗan nata da ya warke sumul, ta riƙe hannuna tana kuka, na ce mata ba komai, Allah ya riga ya rufa asiri. Na yi azumina uku duk da ba ta tsallake ba, na ce ai ta rayu.

Bayan kamar wata guda, wata safiya, na zaunar da ita a tsakar gida ta ba ni baya, ina kwashe wanke-wanke. Babban faranti na ƙarfe ya suɓuce mini ya faɗi a kan siminti, taku biyu daga inda take. Ƙarar ta sa kaji suka watse, Inna ta yi salati daga cikin ɗaki. Yarinyar tana wasa da yatsun ƙafarta.

Na tsaya. Na sunkuya na ɗauki farantin, na matsa daf da bayanta, na ɗaga shi sama, na sake shi da gangan.

Inna ta fito tana cewa wai me ke damuna yau. Ta dube ni, ta dubi yarinyar, sai ta dafa bango. Na durƙusa a bayan 'yata na kira sunanta, a hankali da farko, sannan da duk ƙarfina. Ba ta juyo ba.